"Daji Ba Ya Son Allura": Maganar Gwajin Kansa Daga Batsari Zuwa Safana

  Masu saurarenmu ta waya, da masu karantawa a nan shafin saboda data ba ta isa a sauke murya ba, duk ina gaishe ku. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ruma, Wagini, Kandawa da Madogara, da 'yan'uwanmu na Safana, Runka, Zakka da Babban Duhu. Allah Ya sa kakar bana ta yi albarka, Ya ƙara mana zaman lafiya.

Kun saba ji na kan maganar tsaro da makarantu da rashin aikin yi. Yau zan taɓo wani abu da na daɗe ina kauce masa, saboda yana sosa mani wani tsohon miki. Maganar ciwon daji ce, wanda wasu ke ce wa sankara, 'yan asibiti kuma su ce kansa. Muna cikin watan Oktoba, watan da duniya ta ware don wayar da kai kan kansar mama, shi ya sa na ga lokaci ya yi da zan buɗe baki.

Bari in fara da Goggona, ƙanwar mahaifina, Allah Ya jiƙanta da rahama.

Wata rana tana wanka ta ji wani ɗan ƙulli a mamanta na hagu, bai fi ƙwayar gurjiya ba. Ba ya ciwo, ba ya hana ta daka, ba ya hana ta surfe. Sai ta yi shiru da bakinta. Da ya fara girma ta gaya wa mahaifiyata, ita kuma ta gaya wa wata tsohuwa, tsohuwar ta duba ta ce daji ne, kuma kada a kuskura a kai ta asibiti, don daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Daga nan aka shiga neman na gargajiya. Na sha, na shafawa, na turare, babu wanda ba a kawo ba. Akuyoyinta biyu suka tafi a haka. Lokacin kuma kun san halin da hanyoyinmu suke ciki, mutum ba ya fita gari sai dole, ga fargabar abin da zai tarar a hanya.

Sai da wurin ya fashe, ya fara wari har ita kanta ta daina zama cikin mutane, sannan aka ce a tafi asibiti. Ni aka haɗa ta da ni, tunda ni ne ɗan bokon gidan. Likitan ya duba ta, ya kira ni gefe, ya ce, "Malam, me ya sa sai yanzu?" Ban da amsa. Aka tura mu wani babban asibiti a wata jiha, muka yi jeka-ka-dawo har aka sayar da gonar gado. Wata biyar bayan nan ta rasu, ta bar 'ya'ya shida, autarta ko firamare ba ta shiga ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne, ni na ji labarin ƙullin nan tun da wuri. Na zo hutu daga jami'a, ina shan fura a tsakar gida, na ji ana zancen ƙasa-ƙasa. Na san ya kamata likita ya gani. Amma ta yaya ɗa namiji zai tsaya gaban iyayensa mata ya yi zancen maman goggonsa? Kunya ta rufe mani baki, na ɗauki jakata na koma makaranta. Wannan shirun nawa yana cikin abin da nake roƙon Allah Ya yafe mani.

To mu tsaya kan maganar nan ta "daji ba ya son allura". Mutanenmu ba wawaye ba ne, akwai abin da suka gani da idonsu. Sun ga an kai mace asibiti, an yi mata aiki, bayan wata biyu ta rasu, sai suka ce wuƙar ce ta fusata ciwon. Abin da ba su gani ba shi ne, kafin a kai ta ciwon ya riga ya bar mama ya shiga hanta ko huhu ko ƙashi. Kansa wasu ƙwayoyin jikin mutum ne da suka daina bin ƙa'ida, suna hayayyafa ba tsayawa. Da farko wuri ɗaya suke taruwa, a lokacin ana iya cire su ko a kashe su da magani. In aka ba su shekara ɗaya ko biyu sai su bi jini da sauran hanyoyin jiki su bazu. Kowane manomi a cikinmu ya san bambancin cire ƙuduji tun yana tsiro da barinsa ya yi fure ya zubar da iri a gona. Jinkiri ne ya kashe Goggo, allura ba ta da laifi.

Yanzu me hukuma ta yi, me kuma ya rage? Ni ba mai yabon gwamnati ba ne, kun san ni, amma in an yi abu zan faɗa.

Na farko, rigakafin kansar bakin mahaifa. Kusan duk wannan kansar wata ƙwayar cuta ce ke jawo ta, sunanta HPV, kuma nau'i biyu daga cikinta, na 16 da na 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a 2020 kaɗai mata kusan 12,000 suka kamu da ita a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Ku raba 8,000 da kwanakin shekara, za ku ga sama da mata 20 ke nan kullum. A ranar 24 ga Oktoban 2023 gwamnatin tarayya ta shigar da allurar HPV cikin jerin rigakafin yara, aka fara da jihohi 15 da Abuja, har da Kano da Jigawa. Mu Katsina muna cikin rukuni na biyu da aka fara a watan Mayun 2024, ta hannun hukumar lafiya matakin farko ta jiha. 'Yan mata masu shekara 9 zuwa 14 aka yi wa, allura ɗaya tak, kuma kyauta.

Na san abin da aka yi ta yaɗawa a WhatsApp lokacin. Wai allurar hana haihuwa ce, wai me ya sa mata kaɗai, wai me ya sa kyauta alhali maganin zazzaɓi sai ka saya. Ba zan zagi mai wannan tambayar ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen Arewa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, a cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu. Amma mu tuna da abin da ya biyo baya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa saboda irin wannan zargin na hana haihuwa, cutar ta dawo da ƙarfinta, yara suka nakasa. Da aka koma ana yi, a watan Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Najeriya. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin nan a baki muna yara, yau ga su nan da goyo, wata uku wata huɗu. Ita ma allurar HPV ba kanmu aka fara ba. Ostireliya ta fara tun 2007, Malesiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, ta fara yi wa 'yan makaranta a 2010, Ruwanda ta fara a 2011. Dalilin da ya sa ake yi wa ƙananan yara kuwa, allurar ta fi aiki ne kafin jiki ya haɗu da ƙwayar cutar, wato kafin aure. A wurinmu da ake aure da wuri, wannan ya fi shafarmu fiye da kowa.

Akwai kuma masu cewa ai wannan cutar 'yan iska ce, ɗiyata kamila ce. Don Allah mu bar wannan maganar. HPV ta yi yawan da akasarin manya kan haɗu da ita a wani lokaci na rayuwarsu, jikin mafi yawansu ya kore ta ba tare da sun ma sani ba. Mace na iya zama ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta na sunna, ta same ta daga wurinsa, shi ma bai san yana ɗauke da ita ba, wataƙila daga wani auren da ya yi a baya. Jarrabawa ce kamar kowane ciwo.

Na biyu, a watan Yulin 2025 an buɗe cibiyar kula da masu kansa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda muka fi sani da FMC, tare da irinta a Enugu da Benin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A da in likita ya ce sai an yi wa mutum gashi da na'ura, sai dai a nufi Shika ko Sakkwato ko Abuja, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga layi. Yanzu ga ta a jiharmu, daga Batsari ka fita da safe ka isa kafin hantsi ya dubi ludayi. Akwai kuma asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu kansar mama, ta bakin mahaifa da wadda ke kama maza a ƙarƙashin mafitsara, wanda gwamnatin tarayya ta fara da asibitoci shida, ciki har da na Shika. Duk wanda aka tabbatar masa da ciwon, ya tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin da yake ko akwai tallafin da zai iya nema. Tambaya ba ta cin kuɗi.

Na uku, gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ce burinta kowace mazaɓa daga cikin 361 da ke jihar ta samu asibitin matakin farko mai aiki. To a nan ne maganata take, ku ba ni aron kunnuwanku.

Allura ta 'yan mata ce masu tasowa. Cibiyar Katsina ta wanda ciwon ya riga ya kama ce. Tsakanin biyun akwai iyayenmu, yayyenmu da matanmu, masu shekara 30, 40, 50, waɗanda sun wuce shekarun allurar, kuma ba su san halin da jikinsu yake ciki ba. Su gwaji ne abin da zai cece su. Kafin in zauna wannan shirin na sa ƙanwata ta tambayi matan gidanmu da na maƙwabta ko an taɓa duba masu bakin mahaifa don kansa. Ko ɗaya babu. Wasu sun haihu takwas, sun je awo ba adadi, amma ba su taɓa jin akwai irin wannan gwajin ba.

Abin takaicin, gwajin ba wani abu ne mai wuya ba. Daga lokacin da HPV ta zauna a bakin mahaifa zuwa ta zama kansa, yawanci shekara 15 zuwa 20 take ɗauka, sai dai ga mai raunin garkuwar jiki, kamar mai ɗauke da HIV, ta fi sauri. Duk tsawon shekarun nan akwai alama a wurin, wadda ake iya gani tun ba ta zama kansa ba. Hanya mafi arha ita ce ma'aikaciyar jinya ko ungozomar asibiti da aka horar ta shafa ruwan khal mai sauƙin ƙarfi a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, in akwai matsala wurin sai ya yi fari. In ƙarama ce, akwai 'yar na'urar hannu mai aiki da batir da ake ɗora wa wurin ta ƙone shi da zafi cikin ɗan lokaci, matar ta tashi ta tafi gida a ranar. Akwai kuma sabon gwajin neman ƙwayar HPV ɗin kanta, wanda mace za ta iya ɗaukar samfurin da hannunta ta miƙa, ba sai kowa ya ga tsiraicinta ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mace ta fara gwaji daga shekara 30, mai HIV kuma daga 25. A Nuwamban 2020 hukumar ta sa wa ƙasashe buri zuwa 2030: a yi wa kashi 90 na 'yan mata allura kafin su cika 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 sannan a sake a 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Ku lissafa shekarun da suka rage.

Saboda haka ga buƙatunmu, kuma ina so wakilanmu na majalisar jiha, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Batsari, Safana da Ɗanmusa, da shugabannin ƙananan hukumominmu su ji.

Batsari na da mazaɓu 11, Safana 10. A kowace ɗaya daga cikin 21 ɗin nan a samu aƙalla mace ɗaya ma'aikaciyar lafiya da aka horar kan duba mama da gwajin bakin mahaifa. Na ce mace, don mun san mutanenmu. A ware rana guda a mako, a haɗa ta da ranar awo ko ranar rigakafin yara, lokacin da matan sun riga sun fito da izinin mazansu. Gangamin kwana biyu a Katsina cikin watan Oktoba ko ranar 4 ga Fabrairu, a raba riguna a ɗauki hoto, yana da nasa amfanin, amma matar da ke ƙauyen bakin dajin Rugu ko labarinsa ba za ta ji ba.

Sannan in an gwada mace an ce akwai matsala, a san inda za a tura ta da wanda zai bi sawunta. Ka gaya wa talaka tana da alamar kansa ka sallame ta da takarda ba kuɗin mota, ka ƙara mata ciwon zuciya ne kawai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma jiharmu tana da hukumar taimakekeniyar lafiya. A tabbatar gwajin nan da kuɗin tura mara lafiya suna cikin abin da talaka zai samu ta nan. A kuma riƙa fitar da lissafi duk shekara, mazaɓa-mazaɓa: 'yan mata nawa aka yi wa allura, mata nawa aka gwada, nawa aka tura gaba. Yaran da rikici ya raba da ƙauyukansu, da waɗanda ba sa zuwa boko, a bi su Islamiyya da makarantun allo da unguwannin da suka samu mafaka.

To mu fa? Kada mu ɗora wa gwamnati komai mu koma majalisa muna shan shayi.

'Yan'uwana mata, ku san jikinku. Sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan ɗaukewar al'ada, ki shafa mamanki da hammatarki lokacin wanka. In kin ji ƙulli, ko ba ya ciwo, ko kin ga fatar ta yi kamar ɓawon lemu, ko kan maman ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ki je asibiti a makon. Yawancin ƙullin mama ba kansa ba ne, amma hannunki ba zai bambance ba, sai gwaji. Haka in kina ganin jini tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan kwanciyar aure, ko bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya saboda shekaru, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani. Kada a ce maki sanyi ne kawai ki yi shekara kina shan jiƙo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Mu kuma maza, magana ta gaskiya, a gidajenmu mace ba ta zuwa asibiti sai da izininka da kuɗin motarka. Ke nan rabin gwajin nan a aljihunka yake. In maiɗakinka ta ce tana jin wani abu, kada ka ce bari a gama girbi. Kuma in likita ya ce sai an cire mama, kada ka zama mijin da zai ce bai yarda ba, ko ya fara neman wata tun tana gadon asibiti. Tsoron saki da tsoron kishiya suna cikin abin da ke sa mata ɓoye ciwon nan. Malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya kore tawakkali, ina roƙon limamanmu su taɓo wannan a huɗuba ko da sau ɗaya ne.

Kada kuma mu ɗauka kansa ta mata ce kawai. Kansar hanta maza ta fi kamawa, kuma babban mai jawo ta a ƙasashenmu shi ne ciwon hanta nau'in B. Yana da rigakafi, ana so a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, ko a gida aka haihu a kai shi, kada a jira suna. Tunda kuma kaka muke ciki, ku kula da gyaɗa da masara. In ba su bushe sosai ba aka zuba a buhu ko rumbu, funfunar da ke kama su tana fitar da wata guba da ke lalata hanta a hankali, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Abin da muka saba, mai kyau a kai kasuwa, ruɓaɓɓiyar a yi ƙuli da mai a ci a gida. Mu daina. A shanya a kan leda ko tabarma, a tsince mai funfuna a zubar. Abokaina masu sigari da shisha, ku ma kun san inda maganar ta dosa.

Ga aikin da zan ba kowa a wannan makon. Ka je ko ki je asibitin mazaɓarku, ku yi tambaya biyu cikin ladabi: akwai allurar HPV a nan? Ana gwajin bakin mahaifa, in ba a yi, ina ne mafi kusa? Ku rubuto mana amsar da sunan mazaɓar kawai, ba sunan ma'aikaci ba, don ba neman laifin kowa muke ba. Mu haɗa na mazaɓu 21, mu kai wa waɗanda abin ya shafa a rubuce. Sannan duk mai ƙanwa ko ɗiya da ta kai shekara 9, ya zauna da iyaye ya yi masu bayani da harshen da za su gane.

Autar Goggo tana gidanmu, bana ta shiga aji huɗu. Da ta cika tara ni na riƙe hannunta muka je aka yi mata allurar. Ta yi ɗan kuka, na saya mata alawa a hanya, muka dawo gida. Mahaifiyata ta tambaye ni allurar mece ce, wannan karon na zauna na yi mata bayani tun daga farko, ban ji kunya ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya yi masu rahama. Ku tura wa wani ya karanta, musamman wanda kuka san yana da irin wannan a gida. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.